Yadda Aka Kai Ninja Windows: Ƙaurar Kayan Ginin Manhaja Daga Gidan Haihuwarsa

Duk wanda ya taɓa aiki a kan babbar manhaja da yaren C++ ya san zaman jiran nan. Ka gyara layi ɗaya tak, ka buga umarnin gini, sai ka naɗe hannu kana kallon allo. Kwamfuta ba ta ma fara aikin ba tukuna, tana can tana lissafin abin da ya kamata ta yi. Kafin ta gama, tunanin da ke kanka ya watse, ka leƙa wani shafi, ka manta abin da kake gwadawa. Wannan zaman jiran ne ya haifi Ninja, ƙaramar manhajar gini da Evan Martin ya fara rubutawa a 2010, lokacin yana cikin masu aikin burauzar Chrome a Google. Abin da nake so in bi diddiginsa shi ne yadda aka ɗauke ta daga Linux, inda aka haife ta, aka kai ta Windows. Ban san wani misali da ya fi wannan nuna inda wahalar irin wannan ƙaura take kwance ba.

Babbar manhaja ba fayil ɗaya ba ce. Dubban fayiloli ne, kowanne sai kwamfaila ta juya shi zuwa yaren da inji yake ganewa, sannan linka ya tattara gutsattsarin ya ɗinke su su zama abu guda. Kayan gini shi ne kamar shugaban magina: ba ya ɗaukar bulo da kansa, amma shi ya san wane aiki ne zai riga wane, wanne aka gama jiya, wanne kuma dole a rushe a sake saboda an taɓa abin da ke ƙarƙashinsa. Tun 1976, da Stuart Feldman ya rubuta Make a Bell Labs, dabarar ba ta canza sosai ba: a duba lokacin da aka taɓa kowane fayil na ƙarshe, idan tushe ya fi abin da aka gina da shi sabunta, a sake ginin.

Chrome ta fito a watan Satumba na 2008, kuma a Windows kaɗai take aiki, ana gina ta da Visual Studio, kayan aikin rubuta manhaja na Microsoft. Da aka tashi kai ta Mac da Linux, sai aka samar da GYP, wadda ke karanta bayanin aikin sau ɗaya ta fitar wa kowane dandali fayilolin ginin da ya saba da su. A Linux an fara da wata manhajar gini, SCons, amma takan ci kusan sakan 40 kafin ta taɓa fayil ko ɗaya. Aka koma Make, aka yi mata gyara iya gyara, duk da haka sai an jira kusan sakan 10 kafin gini ya tashi, domin fayilolin tushe na Chrome sun haura 30,000. Martin ya zauna ya rubuta Ninja da manufa ɗaya, wato sauri, kuma jiran ya dawo ƙasa da sakan ɗaya.

Sirrin saurin shi ne Ninja ba ta yanke shawara. Babu "idan kaza, yi kaza" a yarenta, ba ta binciken folda don neman fayiloli. Ba a ma so mutum ya rubuta fayil ɗinta da hannu. Wata manhaja ce, irin su GYP ko CMake, za ta yi duk tunanin tun da farko ta miƙa mata jeri tsararre: ga abin da za a gina, ga abin da ya dogara da shi, ga umarnin da za a buga. Wannan ƙanƙantar ce ta sa ake ganin ƙaurarta ba za ta yi wuya ba. Zuwa Mac kuwa, da Nico Weber ya yi aikinsa, haka abin ya kasance, domin Mac da Linux 'yan gida ɗaya ne, duk daga zuriyar Unix suka fito. Windows kuwa ba danginsu ba ne.

Matsalolin farko su ne waɗanda ido ke gani. A fayil ɗin Ninja ana rubuta layi kamar haka: `build foo.o: cc foo.c`. Ɗigo biyun nan shi ke raba abin da za a samar da ƙa'idar samar da shi. To a Windows cikakken adireshin fayil da harafin faifai yake farawa, kamar `c:\aiki\foo.c`, sai Ninja ta ga ɗigo biyu ta ɗauka sunan ya ƙare a harafin c. Maganin bai yi nisa ba: aka ba da damar rubuta `$:` a duk inda ake nufin ɗigo biyu na cikin suna. Haka ma lissafin lokaci. Unix daga farkon 1970 take ƙirga lokacinta, Windows kuwa daga 1 ga Janairu 1601, kuma da ma'aunin kashi ɗaya cikin miliyan goma na sakan. Wannan lissafi ne kawai, an yi an wuce.

Sandar raba folda ta fi haka taurin kai. Tun 1983, da MS-DOS 2.0 ta kawo folda cikin folda, aka zaɓi sanda mai karkata baya, domin mai karkata gaba an riga an ba ta aikin nuna zaɓin umarni. Windows a yau tana karɓar duka biyun a mafi yawan wurare, kuma nan ne tarkon yake. A wajenta `src\a.h` da `src/a.h` fayil ɗaya ne. Ninja kuwa da sunan take gane fayil, harafi da harafi, saboda haka sai ta ga fayiloli biyu. Idan wata ƙa'ida ta ce ita ke samar da na farko, wata kuma ta ce tana buƙatar na biyu, Ninja ba za ta san akwai alaƙa ba, tana iya fara na bayan kafin na gaban ya kammala. Kuma ba za a ce a mayar da duka sanduna masu karkata gaba a huta ba, domin akwai kayan aikin Windows da za su ɗauki sandar a matsayin zaɓin umarni. Dabarar da aka ƙare a kai ta burge ni. A cikin ƙwaƙwalwarta Ninja tana mayar da kowace sanda ta zama mai karkata gaba, don sunan ya zama ɗaya, amma tana riƙe da wata lamba a gefe wadda kowane ɗigonta ke tuna yadda sanda ta farko, ta biyu, ta uku take a asali. Idan lokacin buga umarni ya yi, sai ta mayar da sunan yadda aka ba ta shi.

Daga nan ne aka fara cin karo da abubuwan da ba a rubuta su a ko'ina ba, domin wanda ya rubuta manhajar bai taɓa ganin su a matsayin zaɓi ba. A wajensa haka duniya take.

Ɗauki yadda ake tayar da wata manhaja. A Linux, Ninja tana miƙa kowane umarni ga shel, wato manhajar da ke karɓar umarni ta aiwatar, ta hanyar `sh -c`, shi kuma ya fassara alamomi irin su `&&` da `>`. A Windows umarni zare ɗaya ne na rubutu da ake miƙa wa `CreateProcess`, kiran da ke tayar da manhaja, kowace manhaja kuma ita ke yanka zaren nan gunduwa-gunduwa yadda ta ga dama. Aka zaɓi Ninja ta miƙa umarnin kai tsaye ba tare da shel ba, abin da ke rage nauyi idan kwamfaila kawai za a kira, kuma kiran nan sau dubbai ake yin sa. Wanda ke son haɗa umarni biyu sai ya sa `cmd /c` a gaba da kansa, wato ya kira shel na Windows. Ma'ana, fayil ɗin gini da aka yi wa Linux ba zai yi aiki a Windows haka kawai ba, nauyin ya koma kan manhajar da ke fitar da shi.

Sai batun sauraron ma'aikata. Ninja tana tayar da kwamfaila da yawa a lokaci guda, gwargwadon ƙarfin injin, kuma tana tara abin da kowacce ta faɗa a gefe har ta gama, don kada saƙon kuskuren wannan ya cakuɗe da na waccan a allo. Hakan na buƙatar ta kasa kunne ga bututu da yawa a tare, wato hanyoyin da maganar kowace kwamfaila ke bi ta iso gare ta. A Unix akwai kira ɗaya da ke cewa "tashe ni idan ɗaya daga cikin waɗannan ya yi magana". A Windows makamancin wannan kiran bai san bututu ba, kuma bututu mara suna ba ya yarda a saurare shi ana wani aikin. Dole aka ƙirƙira wa kowane ma'aikaci bututu mai suna, aka ɗaura su duka a kan wata hanyar Windows ta sanar da kammaluwar aiki. Har yau idan ka buɗe tushen Ninja za ka tarar da fayiloli biyu kafaɗa da kafaɗa, `subprocess-posix.cc` da `subprocess-win32.cc`. Aikinsu ɗaya, amma da ƙyar za ka sami layin da suka yi tarayya a kai. A ganina wannan shi ne daidai. Da an nace sai an yi rubutu ɗaya mai yi wa kowa aiki, da an sami abin da bai gamsar da ko ɗaya ba.

Tsawon umarni ma ya kawo tasa. `CreateProcess` ba ya karɓar fiye da haruffa 32,767, idan kuma ta `cmd` aka bi, iyakar 8,191 ce. A matakin ƙarshe na gini, inda linka ke karɓar sunayen dubban fayiloli a umarni ɗaya, wannan iyaka ba ta kai ko'ina ba. Mutanen Windows sun daɗe da maganinsu: a zuba sunayen a wani fayil, a ce wa linka `@sunan-fayil`, ya je ya karanta. Sai dai Ninja ce ke warware `$in`, alamar da ke tsaya wa fayilolin da umarni zai karɓa, ta san ainihin jerin da za a miƙa a lokacin gini, don haka ita ta fi cancanta ta rubuta fayil ɗin. Aka ƙara mata `rspfile` da `rspfile_content`: ta rubuta fayil ɗin gab da buga umarni, ta goge shi idan aiki ya yi kyau. Ga manhajar da ke alfahari da ƙin ƙara komai a jikinta, wannan sassauci ne, amma sassaucin da babu makawa.

Duk waɗannan share fage ne. Babbar matsalar tana wajen fayilolin heda.

A yaren C da C++, fayil ɗaya yana janyo wasu da kalmar `#include`, su ma su janyo wasu, har fayil ɗin da bai wuce layi ɗari ba ya dogara da ɗaruruwan heda, wato waɗannan fayilolin da ake janyowa. Idan aka taɓa ɗaya daga cikinsu, dole a sake gina duk wanda ya janyo shi. Babu mai iya rubuta wannan jerin da hannu, kwamfaila ce kaɗai ta san shi da gaske, domin ita ke buɗe su. GCC, kwamfailar da aka saba da ita a Linux, tana da zaɓin da ke sa ta, yayin da take aikinta, ta ajiye wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da `.d`, a rubuce da salon Make, ɗauke da sunan kowane heda da ta buɗe. Ninja ta ginu a kan wannan: duk sanda ta tashi, sai ta karanta waɗannan fayiloli duka ta san wa ya dogara da wa.

Kwamfailar Microsoft, `cl.exe`, ba ta yin haka a wancan lokacin. Abin da take da shi shi ne zaɓin `/showIncludes`, wanda ke sa ta zubo sunayen a allo, a cakuɗe da sauran maganganunta, kowane layi yana farawa da `Note: including file:`. Matakin farko da aka ɗauka shi ne wanda kowa zai fara tunani: a yi wa Windows kwalliyar Linux. Aka rubuta wata 'yar manhaja mai lulluɓe kwamfaila, ta tsince waɗannan layuka, ta rubuta su a fayil ɗin `.d` kamar GCC ce ta yi. Ya yi aiki, amma saurin da aka zo nema ya tafi.

Dalili kuwa shi ne abin da Ninja ta ɗauka kyauta ne ashe a Windows da tsada yake. A Linux buɗe ƙaramin fayil ko tambayar lokacinsa abu ne mai arha ƙwarai, musamman idan tsarin ya riga ya riƙe shi a ƙwaƙwalwa. A Windows kowane buɗewa yana bi ta matakai da yawa, sau da yawa har da manhajar kariya daga bairos da ke tsayawa a ƙofa tana duba kowa. Ginin Chrome yana barin fayilolin `.d` kusan 30,000, jimillarsu wajen megabait 90, kuma yawancin abin da ke cikinsu maimaici ne, sunayen heda iri ɗaya ana ta nanatawa. Linux tana haɗiye wannan ɓarnar ba tare da kowa ya lura ba. Windows ce ta tona ta.

Nan ne aikin ya juya, kuma shi ne wurin da na fi so a duk labarin. Maimakon a ci gaba da tilasta wa Windows ta yi halin Linux, sai aka koma aka tambayi asalin tsarin: me ya sa ma ake karanta dubban fayilolin rubutu a kowane tashi? Lokacin da kwamfaila ta gama aiki, Ninja zaune take tana jiran sauran ma'aikata, ba ta da abin yi. Me zai hana ta karanta bayanin a wannan lokacin, ta adana shi a wuri ɗaya cikin siga mai sauƙin ɗauka? Haka aka haifi fayil ɗin `.ninja_deps`. A cikinsa kowane sunan fayil sau ɗaya ake rubuta shi, a ba shi lamba. Bayanin dogaro kuma ya zama jerin lambobi kawai: fayil mai lamba kaza ya dogara da masu lamba kaza da kaza. Idan bayani ya canza ba a komawa a goge na da, sai a ƙara sabo a ƙarshe, na bayan ya danne na gaban, lokaci-lokaci kuma a tace fayil ɗin a zubar da matattun bayanai. Ko da an katse gini a tsakiya, abin da zai lalace bai wuce bayanin ƙarshe ba.

Wannan ya shigo a siga ta 1.3, a 2013, da kalmar `deps`. Mai aiki a Windows zai rubuta `deps = msvc`, Ninja ta tsinci sunayen kai tsaye daga bakin kwamfaila, babu 'yar lulluɓi, babu fayil ɗin `.d` ko ɗaya. Mai aiki a Linux ko Mac kuma zai rubuta `deps = gcc`, Ninja ta karanta fayil ɗin `.d` da zarar an rubuta shi, ta zuba a ma'ajiyarta, ta goge shi. Gyaran da aka yi don Windows sai ga shi ya ƙara wa Linux sauri, gidan da ake ganin ba shi da matsala. Scott Graham na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin ɓangaren Windows a Chrome da Ninja, kuma sawunsa na nan a wannan yanki na aikin.

Tambayar lokacin fayil ma an sake mata hanya. Maimakon a tambayi Windows fayil ɗaya-ɗaya, sai Ninja ta nemi jerin folda gaba ɗaya a karo guda, domin jerin yana zuwa da lokacin kowane fayil a jikinsa, ta riƙe shi a ƙwaƙwalwa ta riƙa dubawa.

Amma dogaro da abin da kwamfaila ke faɗa a allo yana da nasa haɗarin, kuma akwai wanda ya kamata duk mai aiki da Windows na Faransanci, a Yamai ko Damagaram, ya sani. Layin nan `Note: including file:` saƙo ne da aka rubuta don mutum, saboda haka ana fassara shi. Visual Studio na Jamusanci `Hinweis: Einlesen der Datei:` yake cewa, na Faransanci da na Japananci kowanne da nasa. Ninja tana neman kalmomin Turanci, ba ta gan su ba, sai ta ɗauka fayil ɗin bai dogara da heda ko ɗaya ba. Ba za ta yi kuka ba, gini zai kammala lafiya. Sai ranar da ka gyara wani heda, ka buga umarni, ta ce maka babu aikin yi. Ko kuma ta sake gina rabi ta bar rabi, manhajar ta riƙa faɗuwa a wurin da ka duba rubutunka sau goma ba ka ga laifi ba. Irin wannan kuskuren ya fi mai ihu muni nesa ba kusa ba, domin mutum kansa zai yi ta zargi. Alamar da ke tona shi ita ce allo ya cika da ɗaruruwan layukan sunayen heda, waɗanda da Ninja ta gane su da ta ɓoye. Maganin da aka kawo a siga ta 1.5 shi ne `msvc_deps_prefix`, inda ake gaya mata kalmomin da za ta nema. CMake kan gano su da kanta: ta sa kwamfaila ta gina wani ɗan fayil na gwaji, ta ga da wane harshe ta amsa.

Akwai wasu ƙananan tsince-tsince a wannan yankin da ke nuna irin haƙurin da aikin ya ci. `cl.exe` tana da ɗabi'ar faɗin sunan fayil ɗin da take ginawa ko ba a tambaye ta ba, sai Ninja ta riƙa share wannan layin don allo ya zauna tsaf. Tana kuma watsar da heda na tsarin kansa, tana gane su ta ganin `program files` ko `microsoft visual studio` a adireshinsu, tunda ba kasafai suke canzawa ba. Wannan dabara ba mai kyan gani ba ce, kuma duk wanda ya girka kayan aikinsa a wata folda daban ba za ta kama nasa ba. Amma tana rage tarin bayanin da ake ɗauka, kuma idan ta kuskure ta wannan fuskar, abin da za a yi asara ɗan lokaci ne, ba ingancin gini ba.

Ƙaurar ba ta tsaya a kan Chrome ba. Peter Collingbourne ya rubuta wa CMake sashen fitar da fayilolin Ninja, wanda ya shigo a siga ta 2.8.8 a 2012, shekarar da Ninja kanta ta kai siga ta 1.0. Daga nan duk aikin da ke kan CMake, irin su LLVM, ya sami hanyar amfani da ita a dandali ukun. Meson, wata manhaja irin CMake, ta ɗauke ta a matsayin injinta, Android ma ta koma kanta. Tun daga Visual Studio 2017 kuwa, Microsoft da kanta take haɗo Ninja cikin kayanta, kuma da ita ake gina ayyukan CMake a can idan mutum bai zaɓi wata ba.

Bambancin gidajen biyu dai bai gushe ba, ana iya ganinsa tun a ranar farko. Ninja da kanta take gina kanta: rubutun `configure.py` yana fara haɗa ta da hannu, sannan ya tayar da ita ta sake gina kanta yadda ya kamata. A Linux wannan ba komai ba ne, ana iya maye gurbin fayil ɗin manhaja tana tsaka da aiki. Windows kuwa ba ta yarda a rubuta a kan manhajar da ke gudana. Don haka a can rubutun yakan fara sauya wa ta farkon suna zuwa `ninja.bootstrap.exe`, ya tayar da ita da wannan sunan, ita kuma ta gina `ninja.exe` a gefenta.